Bututun Gas Zuwa Turai: Za a Yada Zango a Wajenmu Ko Wucewa Za a Yi?

A Kano idan ka ce "gas" sai ka tsaya ka yi bayani. Direban tirela man dizal yake nufi. Uwargida kuwa tukunyar nan take nufi, wadda ake aiken yaro da ita wajen mai shago ya ɗora a sikeli ya zuba kilo uku ko biyar. Akwai na uku, wanda yawancinmu ba mu taɓa saya ba, kuma a kansa ne ministoci ke hawa jirgi daga Abuja zuwa Aljiyas da Rabat. Iska ce da ake haƙowa a yankin Neja Delta, wadda ba ta yarda da tukunyar girki, sai dai a turo ta ta bututu, ko a sanyaya ta ƙwarai har ta zama ruwa a loda wa jirgin ruwa. Ita ke juya injinan tashar lantarki, da ita ake yin takin yuriya, ita ce itacen murhun gidan siminti da masaƙa. Najeriya tana da fiye da kubik ƙafa tiriliyan 200 na wannan iska a ƙarƙashin ƙasa, babu ƙasar da ta kai ta a Afirka, kuma har yau tana ƙona wani kaso a sararin sama, duk da dokar hana ƙonawar ta fara aiki tun 1984.

Shekaru ke nan muna jin za a haɗa kasuwar gas ta yankinmu ta zama ɗaya. Manyan zane biyu ake ɗaga mana. Na farko bututun da zai ratsa Sahara, kilomita 4,128 daga Warri zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya ta cikin Nijar, ya ɗauki kubik mita biliyan 30 a shekara. Tun 2002 NNPC da Sonatrach, kamfanin mai na gwamnatin Aljeriya, suka fara sa hannu a kansa. An sake zama a Abuja a 2009, an sake a Aljiyas a 2022, a Fabrairun 2025 kuma abin da aka sa wa hannu shi ne a sabunta nazarin ko aikin zai yiwu. Na biyu shi ne wanda aka sanar lokacin da Sarki Mohammed VI na Maroko ya zo Abuja a Disambar 2016, wanda zai bi gaɓar teku ya ratsa ƙasashe 13 har Maroko, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala biliyan 25. Duba taswirar kowannensu ka bi kibiyar da yatsa. Turai ta nufa.

Ni ba na adawa da a sayar wa Bature gas. Kakanninmu sun sayar masa da fata da gyaɗa, kuma tun 1999 jiragen ruwa ke lodin gas a Bonny. Abin da ke damuna shi ne a kira wannan haɗin kasuwa. Kayan da suka bi ta ƙofar gidanka a ɗaure ba su mai da gidanka kasuwa ba.

Mutanen da suka san fatauci sun san bambancin. Ayarin da ke tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas ya nufi Ghat da Tarabulus ya ratsa wurare biyu iri daban. Akwai inda ake wucewa kawai, a biya mai ƙasa ɗan abin da za a biya don a tsira da kaya, a kaɗa raƙuma. Akwai kuma zango, inda madugu ke cewa a sauke, a kwance kaya, fatoma ya ba da masauki ya tsaya wa baƙo, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Zangon ne ya zama gari. Wancan kuwa, ran da ayari ya sake hanya, sai a neme shi a rasa. Bututun Sahara kusan sawun waɗancan raƙuma zai bi, don haka tambayar da ya kamata Bakano da Bakatsine da Badamagare su yi tun yanzu ita ce ina za a kwance kayan, nawa za a kwance, kuma a kan wane farashi.

Kafin mu kai ga Sahara, akwai bututun da aka riga aka gina, kuma labarinsa ya ishe mu karatu. A 2003 Najeriya da Benin da Togo da Ghana suka ƙulla yarjejeniyar bututun gas na Afirka ta Yamma. Tsawonsa kilomita 678, mafi yawansa a ƙarƙashin teku, daga wajen Legas zuwa Takoradi, da rassa zuwa Kwatano da Lome da Tema. Chevron da NNPC da Shell ke da kaso mafi tsoka a kamfanin da ke gudanar da shi. Ba a fara ciniki sosai ba sai 2011. Shekara guda da 'yan watanni, a Agustan 2012, ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun a gaɓar Lome, aka yi kusan shekara ba gas. Ghana ta faɗa duhun nan da mutanenta suka raɗa wa suna "dumsor", wato a kashe a kunna, wanda 'yan'uwanmu na zangunan Nima da Kumasi ba su manta ba. Da aka gyara, sai wata ta taso. Gas ɗin da ke isa Ghana sau da yawa bai kai abin da aka rubuta a kwantiragi ba, saboda ana fasa bututun Escravos zuwa Legas da ke ciyar da shi, kuma tashoshin Najeriya su ma bakinsu a buɗe yake. Ghana kuma ta riƙe kuɗi. A 2015 bashin da ake bin hukumar lantarkinta ya haura dala miliyan 150, har masu gas suka ce za su rufe. Mai kaya yana cewa ba ka biya ba, mai saye yana cewa ba ka cika mudu ba, kowa da gaskiyarsa.

Me Ghana ta yi? Ta koma ta haƙi nata. Ta gina matatar gas a Atuabo, ta jawo gas daga rijiyoyinta na teku, daga 2019 kuma aka juya wani ɓangare na bututun yana ɗaukar gas ɗin Ghana daga Takoradi zuwa Tema. Ƙarfen yana nan, yana aiki, ba a yi asararsa ba. Amma bututun da aka gina don ya ɗaure ƙasashe huɗu, abin da ya fara koya wa babban mai sayensa shi ne ya nemi madogara a gida.

Wannan a kudu ke nan. Namu na nan arewa ya fi ciwo, don da hannunmu muka yi shi.

Ƙanwar mahaifiyata tana aure a Maradi, kuma da firiza biyu take riƙe da gidanta: ƙanƙara, zoɓo, lamurje. Wutar Maradi da Damagaram daga Katsina take shiga ta Gazawa, kamar yadda ta Yamai ke shiga daga Birnin Kebbi. Kafin juyin mulkin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, cikin 'yan kwanaki Najeriya ta katse wutar a matsayin takunkumin ECOWAS. Da na kira ta bayan mako biyu, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ɗan nan, mi munka yi maku? Ni na yi juyin mulkin?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, abin na manya ne." Ta ce manyan ai da janaretonsu. Ba a mayar da wutar ba sai Maris na 2024. Zuwa lokacin ta sayar da firiza ɗaya.

Ba hukuncin juyin mulki nake yi a nan ba, wannan zance ne na wata rana. Lissafin ɗan kasuwa nake yi. Wayar nan ta shekara kusan hamsin tana kai wuta Nijar, ta ga juyin mulki iri-iri a ƙasashen biyu, ba a taɓa ta ba. Ran da aka taɓa ta, duk wani mai mulki a Yamai, soja ne ko farar hula, na yau ko na gobe, ya rubuta a zuciyarsa cewa makunnin yana Abuja. To yanzu ka je masa da maganar ya gina tashar lantarki a Maradi wadda za ta dogara da gas ɗin Kano. Ko kuma ka juya abin: ka je wa banki da maganar ya ba da bashin biliyoyin dala a shimfiɗa fiye da kilomita 800 na bututu a ƙasar da ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wadda ita ma yanzu tana da dalilin cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Kuma ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Nijar ta shimfiɗa bututun ɗanyen mai kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar Seme a Benin da kuɗin kamfanin China. Man ya isa teku a 2024, sai Benin ta hana lodi saboda Nijar ta ƙi buɗe iyaka, aka kama 'yan Nijar a tashar, Nijar ta rufe famfo daga can. A arewa kuma Aljeriya ta yanke hulɗa da Maroko a 2021, a ƙarshen Oktoban shekarar ta daina tura gas ta bututun da ke bi ta Maroko zuwa Sifen, bayan shekara 25 yana aiki. Waɗannan biyun su ne ke zawarcin gas ɗin Najeriya, kowanne da nasa zanen, kuma ko makaho ya san rabin zafin zawarcin na kishi ne. A Afrilun 2025 ma Nijar da Mali da Burkina Faso sun janye jakadunsu daga Aljiyas a kan jirgi maras matuƙi na Mali da Aljeriya ta harbo, wata biyu kacal bayan an sa hannu kan takardun bututun Sahara.

Ana yawan kawo mana misalin Turai, a ce ga yadda ake haɗa kasuwa. Misali ne mai kyau, amma ba a faɗin inda darasin yake. A Janairun 2009 Rasha da Yukren suka yi faɗa kan kuɗi, gas ya ɗauke kusan mako biyu a tsakiyar hunturu, Bulgeriya da Sulobakiya suka daskare. A lokacin Turai cike take da bututu, sai dai kusan duka gabas zuwa yamma suke gudu, maƙwabci ba ya iya tura wa maƙwabci. Abin da suka yi bayan nan aikin takarda ne da ƙananan gyare-gyare marasa armashi. Suka raba mai bututu da mai gas, don kada mai hanya ya hana abokin gasarsa wucewa. Suka ce duk wanda ya biya kuɗin hanya da aka wallafa yana da ikon tura kayansa. Suka tilasta bututun kan iyaka su iya gudu gaba da baya. Suka gina gajerun mahaɗai tsakanin ƙasa da ƙasa. Da babbar ta zo a 2022, wato yaƙin Rasha da Yukren, gas ɗin Rasha na bututu ya faɗo daga kusan kashi 40 cikin 100 na abin da suke shigowa da shi zuwa ƙasa da kashi 10 a 2023. Sun sha tsada, farashi ya haura Yuro 300 a ma'auninsu a Agustan 2022, masana'antu sun ji jiki, amma gas da aka sauke a Beljiyam ko Holan ya iya isa Jamus da Cek. Gajerun mahaɗan nan da dokar nan ne suka cece su. Babban bututun da ake alfahari da shi, Nord Stream na Rasha zuwa Jamus, yana kwance a fashe a ƙasan teku.

Mu kuwa babban muke so, mai tsawon da za a faɗa a rediyo.

Za a ce mini, kuma da gaskiya, bututu ba ya ginuwa da fatan alheri. Banki yana son ganin mai saye guda, mai aljihu, wanda zai sa hannu ya ce zan ɗauka shekara ashirin, ko na ɗauka ko ban ɗauka ba zan biya. Irin wannan mai saye yana Italiya da Sifen da Jamus, ba ya Sharaɗa. Na yarda. Sai dai Turai da bakinta ta ce tana son ta daina hayaƙi kafin 2050, kuma tun 2022 gas ɗin da take ƙonawa ya ragu sosai. Bututun da har 2025 ake batun sabunta nazarinsa, a yi shekaru ana gini, sannan a nemi shekara ashirin ko talatin na mai da kuɗi, wa zai tarar a kasuwar? Mai sayen da yawansa ke ƙaruwa, wanda ba shi da niyyar tafiya ko'ina, shi ne wanda ke tsakanin Kaduna da Agadas.

Amma a nan dole mu faɗa wa kanmu mai ɗaci. Mu ma ba ma biya. Mafi yawan lantarkin Najeriya da gas ake yin sa. Ƙasar tana da injinan da za su ba da megawat kusan 13,000, amma abin da ke isa waya yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, kuma babban dalili shi ne bashi. Mai gida bai biya kamfanin rarraba wuta ba, ko an ba shi bil na ƙiyasi ya yi fushi ya ƙi. Ma'aikatun gwamnati ba su biya ba. Kamfanin rarrabawa bai cika wa mai tasha ba, mai tasha bai biya mai gas ba, mai gas ya ga jirgin Bonny na biyan dala a kan lokaci, ya karkata can. Bashi hanji ne, an ji, amma hanjin nan ya naɗe ƙasar gaba ɗaya. Idan mun kasa biyan junanmu a cikin gida da naira, da wane baki za mu zargi Ghana, kuma wa zai yarda cewa tashar da aka gina a Kano za ta biya?

Shi ya sa nake ganin jarrabawar gaskiya ita ce bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Kilomita 614, faɗin inci 40, dala biliyan 2.8. Marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a ƙarshen Yunin 2020, aka ce shekara biyu. Bashin da aka sa rai daga China bai zo yadda aka tsara ba, har 2025 ana sa sabuwar rana. Duk mai bin hanyar Zariya ya ga tulin baƙaƙen bututun nan a gefen titi, har ido ya saba da su. A takarda, wannan shi ne ƙafar farko ta bututun Sahara. A wurina kuwa shi ne damar farko da arewa ta samu ta zama mai saye. Masaƙun Kakuri a Kaduna, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, ba shigo da atamfar waje kaɗai ya kashe su ba. Wuta ta kashe su, da tsadar baƙin mai da suke hura tukwanensu da shi, a lokacin da takwarorinsu na Ikeja da Ota ke samun gas har ƙofar masana'anta.

Ina da aboki mai ƙaramin wurin narka roba a Sharaɗa, yana yin buta da bokiti. Na taɓa zama a ofishinsa da rana tsaka, janareta na ruri har ba ma jin juna, ya jawo littafi ya nuna mini shafin mako: kuɗin dizal ya fi albashin ma'aikatansa gaba ɗaya. Na ce masa ai gas na tafe. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ko ya zo Kano, wa zai kawo shi layinmu? Kuma da naira zan saya ko da dala?" Tambayoyi biyun nan sun fi duk jawabin da na ji a taron ƙaddamarwa nauyi. Babban bututu yana tsayawa ne a bayan gari. Daga can zuwa injin mutum akwai ƙananan rassa, da mita, da mai lasisin rarrabawa, da farashin da ba zai yi tsalle duk ran da naira ta yi tuntuɓe ba.

Buƙatar kuwa tana nan, har ta gaji da jira. Bayan da 'yan ta'adda suka tayar da turakun wutar Maiduguri a 2021, an gina wa birnin tashar gas mai megawat 50, aka buɗe ta a 2023. Babu bututu ko kusa. A tankoki ake kawo gas ɗin a sanyaye tun daga jihar Ribas, tafiyar fiye da kilomita dubu a kan titunan da kowa ya sani. Idan ana iya wannan wahala ana ganin riba a ciki, to Kano zuwa Maradi ko Damagaram, da kowanne bai kai kilomita 300 ba, ai maƙwabtaka ce. Ana ma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi. Nijar na da matatar mai a Damagaram tun 2011, tana da iskar gas tata a Agadem, don haka ba lallai ta zama mai karɓa kawai ba, wata rana ita ma za ta iya turowa. Manomin Maradi da na Jigawa taki ɗaya suke nema, kuma yuriyar da suke saya daga Lekki ko Fatakwal ake hauro da ita a mota.

Da za a tambaye ni abin da za a rubuta kafin a binne ko da gaɓa ɗaya a hamada, zan fara da makunni. A rubuta a yarjejeniya, majalisu su amince, cewa gas da lantarki ba sa cikin abin da ake takunkumi da shi, ko wa ke mulki, kuma wanda ya rufe don siyasa zai biya diyya a gaban kotun sulhu da ba ta ƙasarsa ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tana nan a Yamai tun 1971, ba ta dogara da ECOWAS ba, ga aikin da ya dace da ita. Sannan a faɗi adadin gas ɗin da za a sauke a hanya da sunan garuruwan, a rubuce, kafin a sayar da ragowar ga na ƙetare. A ajiye kuɗin mai saye a asusun da ba minista ke riƙe da mabuɗinsa ba. Senegal da Muritaniya sun tarar da rijiyar gas a kan iyakarsu ta teku, suka amince tun 2018 a raba biyu daidai, a 2025 jirgin farko ya yi lodi. Ba don sun fi mu son juna ba ne, sun dai gama rigimar rabo kafin a yanka.

Akwai kuma lissafin tsaro, wanda injiniyoyi ke auna shi da yawan sojoji. Neja Delta ta riga ta nuna abin da ke faruwa idan dukiya na gudu a ƙarƙashin gonar mutum shi kuma yana kwana a duhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na jin akwai rundunar da za ta iya gadin kilomita dubu huɗu na ƙarfe a tsakanin mutanen da ba su da komai a cikinsa, balle a dajin Birnin Gwari ko duwatsun Ayar. Garin da famfon asibitinsa da injin niƙansa ke aiki da gas ɗin nan shi zai fara kai rahoto idan ya ga baƙuwar fuska kusa da bututu.

Da sallar da ta wuce Inna ta zo Kano. Ta sa faranti huɗu na sola a kan rufinta da kuɗin adashe, ta ce ko an yi faɗa ko an shirya, rana dai ba ta Abuja ba ce. Na ba ta labarin bututun da aka ce zai bi ta kusa da su ya wuce Aljeriya. Ta gyara mayafi ta ce, "To, in sun zo wucewa ka ce su ƙwanƙwasa."